Kwana huɗu ba wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Tun da na zo Ingila kuke tambayata ya zaman can, ni kuma kullum amsar ɗaya ce: alhamdu lillahi, sai dai sanyi. Ba ƙarya nake muku ba, amma ko rabin abin da ke raina ban faɗa ba. Yau zan amayar da shi, domin akwai abin da ya same ni a ƙarshen watan Disambar 2024 wanda har gobe in na tuna sai idona ya ciko.

Na sauka Manchesta a watan Mayun 2024 da bizar masu aikin kula da tsofaffi. Wata biyu kafin nan, ranar 11 ga Maris, gwamnatin Birtaniya ta hana masu neman irin wannan biza tahowa da mata da 'ya'ya, ni kuwa takarduna bayan ranar suka shiga. Haka na bar maman yara da 'ya'yanmu biyu, na bar Inna, na taho daga ni sai akwati. Na kama ɗaki a wani gida da muke mu huɗu, kicin ɗaya, banɗaki ɗaya, kowa da nasa layin a cikin firiji. Sai mu yi mako guda ba mu ga juna ba, wannan na aikin dare, wancan na rana.

Abin da kuke ji game da kayan more rayuwa gaskiya ne, ba zan ɓata muku lokaci a kai ba. Wuta ba ta ɗaukewa, famfo ba ya ƙafewa, bas na zuwa ka ɗora kati ka shige. Abin da ya fi ɗaure mini kai a farkon zuwana shi ne manyan kantuna irin su Tesco da Aldi da Lidl. Albasa ma an yanka an ƙulle maka a leda. Akwai layi guda na dafaffen abinci a cikin roba, ka huda ledar saman da cokali mai yatsu, ka jefa a na'urar ɗumama abinci, minti huɗu ka zauna ka ci. Ga wanda bai taɓa ɗora tukunya ba kamar ni, auta a ɗakinmu, wannan ai rahama ce. Wajen biyan kuɗi ma ba sai ka je gaban mutum ba, inji ne zai karanta kayanka ya karɓi kati. Sai da na yi wata uku ina yabon wannan tsari kafin wata Lahadi da ba ni da aiki na lura cewa tun asuba har na kwanta ban yi magana da ɗan Adam ko ɗaya ba. Na fita, na hau bas, na yi cefane, na dawo, na ci, bakina a rufe.

Maƙwabciyarmu ta hannun dama wata tsohuwar Baturiya ce, ta haura tamanin, mijinta ya rasu, tana zaune daga ita sai kyanwarta. Kwandon shara ne ya haɗa mu. A nan kowane gida kwanduna huɗu gare shi kala-kala, na takarda daban, na kwalba da gwangwani daban, na ragowar abinci da ciyawa daban, kowanne da ranar da ake fito da shi bakin titi. Wata safiya na ga tana kokawa da nata, hannu ɗaya sanda, hannu ɗaya kwando, sai na karɓa na ja mata. Daga ranar aikin ya zama nawa, muka riƙa gaisawa ta saman shinge.

Ana saura mako guda Kirsimeti ta kira ni, ta ce za ta je wurin 'yarta a Sikotland ta yi kwana biyar, ko zan riƙa shiga ina ba kyanwar abinci safe da yamma. Na ce ba komai. Na zaci mabuɗi za ta ba ni da gwangwanin kifi. Sai ga ta da jakar takardu guda. Katin allurar riga-kafi da kwanan watan kowace allura. Takardar inshorar lafiya wadda take biya duk wata. Lambar likitan dabbobi ta rana, da wata ta dare idan abu ya taso. Da lambar wata 'yar na'ura, girmanta kamar ƙwayar shinkafa, da aka sa wa kyanwar a ƙarƙashin fatar wuya, wadda in ta ɓata aka tsince ta za a haska a ga lambar, da ita a gano sunan mai ita da adireshi. Ta ce yanzu doka ce: tun daga 10 ga Yunin 2024 duk mai kyanwa a Ingila dole ya sa mata kafin ta kai mako 20 da haihuwa, wanda ya ƙi ana iya cin sa tarar da ta kai fam 500. Karnuka kuwa tun 2016 aka wajabta musu. Sannan ga abincin, na tsofaffin kyanwoyi ne musamman, da ƙwayar magani da zan murƙushe in cakuɗa a ciki kowace safiya.

Ba zan ɓoye muku ba, na karɓa ina murmushi amma raina a ɓace yake. Na ce a zuciyata, mutane na kwana da yunwa a duniya, ga dabba da likitan dare. Dama tuni abin ke ci mini rai duk lokacin da na bi ta layin abincin karnuka da kyanwoyi a kanti, layi ne mai tsawo, hagu da dama, har da na masu ƙiba da na masu ciwon ƙoda. Ƙasar nan ƙungiyarsu ta hana zaluntar dabbobi, RSPCA, tun 1824 aka kafa ta, ta cika shekara 200 a shekarar da na zo. Gidan firaminista da ke lamba 10 a titin Downing ma akwai wani muzuru, Larry, da yake zaune tun 2011, firaministoci na zuwa suna tafiya yana nan. Hukuncin da na yanke a lokacin shi ne mutanen nan sun watsar da dangi sun rungumi dabba.

Daren 23 ga Disamba na tashi daga aiki ina jin jikina wani iri. Kafin asuba zazzaɓi ya rufe ni, haƙora na kaɗawa, gaɓoɓi kamar an sassare su, tari kamar ƙirjina zai tsage. Mura ce mai zafi, irin wadda ta kwantar da mutane da yawa a wannan hunturun. Biyu daga abokan zamana sun yi tafiya, na ukun yana aikin dare, in ya dawo sai barci, bai ma san ina ciki ba.

A nan ba a tashi kawai a tafi wurin likita. Ƙarfe takwas na safe ake buɗe layin wayar asibitin unguwa, kowa ya kira a lokaci ɗaya, inji ya gaya maka kai ne na nawa a layi. Na riƙe waya a kunne fiye da rabin awa ina makyarkyata, da aka zo kaina aka ce gurbin yau ya cika, gobe da jibi kuma hutu ne. Na tuna jakar takardun nan da lambar likitan dare, na ji wani ɗaci a maƙogwarona. Amma in faɗi gaskiya, da na kira 111, lambar da ake neman shawarar lafiya dare da rana, an saurare ni da kyau. Wata nas ta sake kirana, ta yi mini tambayoyi dalla-dalla game da numfashi da zafin jiki da fitsari, ta ce in kwanta, in sha ruwa da yawa, in sha farasitamol, in kuwa numfashi ya fara gagara in kira 999 nan take. Ko sisi ban biya ba. Na roƙi a ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta ce ba ya yi wa mura komai, kuma ba mai sayar mini da shi sai da takardar likita. Na ji haushi a lokacin, yanzu kuwa na san ita ce da gaskiya. Mu da kowane ciwon kai sai mun aiki yaro kemis ya sayo kafso biyu mun haɗiye, mu ne muke lalata maganin, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki. Farasitamol ɗin ma a kanti ba sa sayar maka fiye da fakiti biyu a lokaci guda.

Ranar Kirsimeti garin ya mutu murus. Ba bas, manyan kantuna a rufe, titi ba kowa. Rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi, kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe, tsakanin nan ma ba rana ba ce, wani haske ne toka-toka da yayyafi. Abin da ya rage a layina na firiji madara ce da ƙwai biyu, ga shi ba ni da ƙarfin tsayuwa gaban murhu. Na yi odar abinci ta waya. Kuɗin abinci daban, kuɗin kawowa daban, ga wani kuɗin hidima a kai, suka kusa ninka farashin. Mai kawowa ya ajiye a bakin ƙofa, ya ɗauki hoto, ya turo saƙo, kafin in lallaɓo daga bene ya tafi. Ban ga laifinsa ba, shi ma baƙo ne irina yana neman na kansa a cikin ruwan sama. Shinkafar ta yi sanyi, mai ya daskare a kai. Cokali biyu na iya.

Ina kwance ina lissafi. Dokar da ake bi a lokacin, kwana ukun farko na rashin lafiya ba a biyan ka komai, daga na huɗu sai fam 116.75 a mako, wanda ko kuɗin hayar ɗakina bai kai ba. Daga wurin aiki an kira sau ɗaya, tambayar ita ce yaushe zan dawo.

Wayata kuwa ba ta huta ba, kuma a nan ne zan yi muku faɗa, ku yi haƙuri. A kwana huɗun nan saƙonni sun shigo daga gida sun fi goma. Kusan duka salo ɗaya ne: sallama, ya sanyi, sai buƙata. Wannan kuɗin makaranta, wancan waya ta lalace, wani biki ya matso. Akwai wanda na rubuta masa cewa ina kwance ba lafiya, ya ce Allah ya sawwaƙe, a layi na gaba ya turo lambar asusu. Ban ce babu matsi a gida ba, na san akwai, don shi na fito. Amma wanda ke waje mutum ne, ba injin cire kuɗi ba. In za ku tambaye shi, ku tambaye shi, amma wata rana ku kira shi haka kawai, ku ce me ka ci yau. Mutum ɗaya ne yake yi mini haka, abokina tun na firamare, duk Juma'a sai ya kira, mu yi hirar ƙwallo da ta mutanen da, bai taɓa ce mini kawo ba. Da, ina ganin surutunsa ya yi yawa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ni ma da nawa laifin. Inna ta kira ta bidiyo na ƙi ɗauka, na tura mata murya cewa aiki ne ya yi yawa. Maman yara na ce mata ɗan tari ne.

Abu ɗaya ne ya hana ni kwanciya gaba ɗaya: amanar kyanwa. Safe da yamma sai na sa rigar sanyi a kan ta barci, na dafa bango na sauka, na yi takun nan goma sha biyar zuwa ƙofar tsohuwa. Da yammacin Kirsimeti na buɗe mata abinci, na zuba, sai jiri ya ɗebe ni. Na rarrafa zuwa doguwar kujerar falo na kwanta, da niyyar minti biyar. Gidan da ɗumi, don tsohuwa ta bar hita a kunne saboda kyanwa, alhali mu a namu gidan awa biyu muke kunnawa mu kashe don tsoron kuɗin gas. Kyanwar ta gama cin abincinta, ta lashe hannu ta wanke fuska, ta zo ta tsaya tana kallona. Baƙa ce mai farin ƙirji, tsufa ya sa bayanta ya rame. Sai ta yi tsalle ta hau kujerar, ta taka cikina a hankali, ta zagaya sau biyu, ta kwanta a ƙirjina daidai inda tarin ke ci na, ta fara wannan ɗan gurnani nasu mai kama da injin da ke aiki can nesa. Ɗuminta ya ratsa rigata. Na ɗora hannu a bayanta, ba ta motsa ba. Sai a lokacin na tuna cewa tun ranar da ɗana ya riƙe mini ƙafa a filin jirgi, in ka cire tsofaffin da nake ɗagawa a wurin aiki da safar roba a hannu, babu wani mai rai da ya raɓi jikina. Barci ya ɗauke ni, ban farka ba sai tsakar dare, tana nan inda take.

Inna tana da kyanwa shekara da shekaru, kun san ta. Sau nawa na shure ta da ƙafa don ta raɓe ni ina cin abinci? Sau nawa na wuce yara na jifan kare ko sun ɗaure wa kyanwa igiya a wuya suna ja, ban ce musu uffan ba? In ta haihu, a zuba 'ya'yan a kwali a kai juji idonsu bai buɗe ba, mu ce ai dabba ce. Kuma mu ne muka haddace hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Mu ne muka san labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Sahabin da muka fi jin sunansa a ruwayar hadisi, Abu Huraira, laƙabin nasa ma daga 'yar kyanwa ya samo shi. Karatun yana wurinmu, aikin na same shi a gidan tsohuwar da ba ta taɓa jin ko ɗaya daga ciki ba. Har yanzu ina ganin akwai wuce gona da iri a nan, kare da rigar sanyi ta kuɗi mai yawa alhali ga mutum kwance a bakin kanti cikin bargo. Amma na daina cewa haukan Turawa ne. Wanda ya kwana shi kaɗai ya san abin da kyanwar nan take yi wa tsohuwa.

Ranar 27 da rana na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Karo na farko ke nan a kwana huɗu. Tsohuwa ce ta dawo, ta zo karɓar mabuɗi, da kwalin cakulan a hannu. Tana ganin fuskata ta ajiye kwalin, ta ɗora bayan hannunta a goshina kamar yadda Inna ke yi, ta ce yaushe rabonka da abinci. Na ce na ci. Ta kalle ni, ta ce koma ka kwanta, kar ka kulle ƙofa.

Bayan kamar awa ɗaya na ji ƙarar sandarta a kan matakala, taki ɗaya, hutu, taki ɗaya, hutu. Matar da kwandon shara ke gagara ta hau matakala goma sha uku da jaka rataye a wuyan hannu. Ta fito da fulas da kwano da cokali daga gidanta, da burodi yanka biyu ta shafa musu bota ta naɗe a tsumma. Miya ce mai ruwa-ruwa, dankalin turawa da karas da albasa da wani ƙanƙanin jan wake da ya narke a ciki. Ta ce: “Babu nama, na san kuna da ƙa'ida a kan nama. Dunƙulen da na sa ma na duba bayan kwalin, na ganye ne.” Ta ja kujera ɗaya tilo da ke ɗakin ta zauna, ta ce ba za ta tafi ba sai ta ga ƙasan kwanon.

'Yan uwa, miyar nan ba barkono, gishirin ma kamar an yi masa rowa. Da a gida aka ajiye mini ita, da na ture kwanon na ce wannan ai ruwan zafi ne. Na kai cokali na uku sai hawaye, na kasa tsayar da su, suna ɗiga a cikin kwano. Ba ta ce komai ba, ta miƙo mini tsumman burodin. Wata takwas ke nan rabon da wani ya tsaya gaban wuta da ni a ransa, ya fere, ya yanka, ya ɗanɗana, ya ce wannan na wane ne.

Abin da ya zo mini a rai ina kan cin miyar, wata rana ce maman yara na da cikin ɗanmu na biyu wata bakwai. Ta yini a tsaye, ta kawo mini abinci da daddare, na ɗanɗana na ce gishiri ya yi yawa, na tashi na fita na ci a waje. Ba ta ce komai ba, ta ɗauke kwanon. Na tuna Inna, duk lokacin da zazzaɓi ya kama ni ina yaro, har bayan na girma ma, takan kwana zaune a gefena tana jiƙa tsumma. Na tuna Yaya da ta riƙa wanke mini kayan makaranta har aka kai ta ɗakin miji. Na bincika ƙwaƙwalwata in ga ranar da na ce wa ɗayarsu na gode da gaske, ba sannu da aikin nan na fatar baki da muke jefawa muna wucewa ba. Ban samu ba.

Aikin da nake yi a nan shi ya ƙara buɗe mini ido. Ina ba tsofaffi abinci a baki, in yi musu wanka, in canza musu shimfiɗa, in juya wanda ba ya iya juyawa cikin dare, kuma kowace awa a rubuce take, ana biyana. Mafi ƙarancin albashi a shekarar fam 11.44 ne a awa. Gidajen kula da tsofaffi da yawa kuɗinsu ya haura fam 1,000 a mako kan mutum ɗaya. Rainon yaro da kuɗinsa, girki da kuɗinsa, wanki da guga da kuɗinsu, zama gefen mara lafiya da dare da nasa kuɗin mai tsada. Hira ma sai da aka yi mata tsari: akwai wani layin waya kyauta, Silver Line, da aka buɗe a 2013, tsoho ya kira ko da tsakar dare ne don kawai ya sami wanda zai yi magana da shi. A Janairun 2018 gwamnatin Theresa May ta naɗa minista da aka ɗora wa alhakin matsalar kaɗaici, Tracey Crouch. Duk abin da na lissafa ɗin nan, mace ɗaya ke yin sa a gidajenmu, daga asuba har a kwanta, shekara talatin, arba'in. Sannan a tambayi mijinta me matarka take yi, ya ce ba ta aikin komai, tana gida. Ni da bakina na sha faɗin haka. Mun ɗauka kyauta ne don ba a taɓa kawo mana takardar kuɗinsa ba.

Kada kuma mu yi saurin bugun ƙirji cewa mu ne masu zumunci, su ba su da shi. Gaskiya ne a wurin aikinmu akwai tsofaffin da shekara ke zagayowa ba wanda ya leƙo su, sai kati a Kirsimeti, abin yana karya zuciya. Amma akwai wani dattijo da matarsa ta kamu da ciwon mantuwa, ba ta ma gane shi, kullum ƙarfe goma sha ɗaya yana nan da ɗan abincin da ya dafa da kansa, ya ba ta a baki, ya taje mata kai, ya riƙe hannunta har ta yi barci. Ban taɓa ganin ya yi fashi ba, ko ana ƙanƙara. Maza nawa ne a cikinmu za su yi wa matansu haka? Tsofaffi nawa ne a gidajenmu suke ɗakin baya, gida cike da mutane, kowa kansa a kan waya, a miƙa musu kwano ta hannun yaro? Laifi tudu ne. Mun iya yi wa baƙo hidima har ya ji kunya, na cikin gida kuwa mun zama inuwar giginya.

Abin da dai ba zan taɓa sabawa da shi ba a nan shi ne abota da alƙawarin rana. In kana son ganin abokinka sai ya duba kalanda ya ba ka Asabar ta mako biyu masu zuwa, ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. Ba mai faɗo maka haka kawai. Da, nakan yi tsaki in na dawo a gajiye na tarar da mutane a ƙofar gida suna jirana. A kwana huɗun nan da zan ba da albashin wata don in ji sallamar ɗayansu. Sai da na koma aiki wata abokiyar aikina 'yar Kerala ta Indiya ta ji abin da ya faru, ta yi mini faɗa sosai don ban kira ta ba, washegari ta zo da shinkafa da miyar kifi a roba biyu. Ita ma 'ya'yanta na can wurin mahaifiyarta. Yanzu mu biyar ne a wurin, daga ƙasashe huɗu, mun yi alkawari duk wanda bai zo aiki ba sai an je an ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Daren da tsohuwa ta kawo miyar, na kira Inna ta bidiyo. Tana ganina ta ce: “Auta, dama na sani. Muryar nan da ka turo ba ta mai lafiya ba ce, kwana uku ban runtsa ba.” Na ba ta labarin miya da kyanwa. Ta yi shiru, ta share ido da bakin mayafi, ta ce: “Ka gaishe mini da ita, ka ce uwarka ta gode. Allah ya ba ta mai yi mata.” Na ce Inna, ki yafe mini, ban taɓa gode miki ba. Ta ce: “Kai, tafi can, ana gode wa uwa ne? Ka dai sha magani.” Amma na ga yadda fuskarta ta yi.

Na maman yara ya fi wuya. Na ce mata, kin tuna ranar gishiri? Na zaci ta manta. Ta ce: “Baban yara, na tuna. Ranar ban ci abinci ba ni ma.” Shekara huɗu tana riƙe da shi, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Na ba ta haƙuri, muka daɗe a waya ba mai cewa komai.

Tun daga watan Janairu duk ranar da ba ni da aiki nakan jingina waya a jikin tagar kicin, maman yara na gaya mini abin da zan zuba da lokacin da zan rage wuta, Inna na leƙowa ta bayanta tana cewa albasar ba ta yi ba tukuna. Sai a karo na biyar na yi miyar da na iya kai wa tsohuwa. Na rage barkono ƙwarai, duk da haka sai da ta yi tari ta sha ruwa kofi biyu, amma ta cinye, ta ce in zuba mata ragowar a firiza. Mabuɗin gidanta yana wurina har yanzu, ta ce in riƙe. 'Yata ta ga kyanwar a bidiyo kwance a cinyata, ta ce ita ma tana so. Ta Inna ta haihu a watan jiya, guda uku, na ce kada a kai ko ɗaya juji. Yarana sun ɗauki baƙar.